BINDIGAR DA KE RATAYE A ZAUREN KAKANA

Wata ranar hawan Sallah na kwashi yarana muka tafi kallo. Mun sami wuri mai kyau a gindin wata darbejiya, dawakai suna ta wucewa an sha ado, sai wani mutum a bayanmu ya ɗaga murya ya ce, "Ga 'yan bindiga nan tafe!" Kafin in waiwaya, autana mai shekara 6 ya riga ya shige cikin mayafina, ya ƙanƙame ni jikinsa yana ɓari, yana cewa, "Umma mu gudu, za su tafi da mu." Ana cikin haka aka saki bindiga, ƙasa ta amsa, hayaƙi ya turnuƙe, maza na sowa mata na guɗa, ni kuwa ina tsugune ina rarrashin yaro.

'Yar uwa, abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Lokacin da muke yara in aka ce ga 'yan bindiga nan, tsalle muke yi muna murna, domin mun san Sarki ya kusa fitowa. Yau ga shi kalmar ta sake riga, ta zama sunan masu kwashe mutane a hanya da masu ƙone ƙauyuka, har yaron da bai gama sanin damansa da hagunsa ba ya san abin tsoro ce. Shi ya sa na ce bari in zauna in haɗa abin da na ji daga bakin manya da abin da na karanta a littattafan tarihi, in ba mu labarin tsohuwar bindigar nan ta gargajiya, inda ta fito, da yadda ake ƙera ta, da abin da ta yi wa gidajenmu na alheri da na sharri. Kada ki ce ina ruwan mace da zancen bindiga. Tukunyar miyar kakanninmu mata da yawa, da ita ta dogara.

Kakana na wajen uwa, Allah Ya jiƙansa, manomi ne da damina, maharbi da rani. Yana da wata doguwar bindiga da ke rataye a bangon zaure, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. In aka tsayar da ita a ƙasa ta fi ni tsawo a lokacin. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda shan hannu, an naɗe tsakiyarta da fata, an jera mata ƙusoshin farin ƙarfe, ga wani ɗan laya a maƙale. Wasu su ce mata adaka, wasu su ce bindigar toka, mu kuwa yara harba-ka-ruga muka sani. In zai fita yakan tsokane ni ya ce, "Amaryata, yau me kike marmari, zomo ko fakara?" Sai kakata ta harare ni ta ce, "Ke kishiya, in ya kawo ke za ki fige." Da la'asar sai ga shi da zabin daji biyu, ko kurege, ko zomo, wata rana kuma ya dawo hannu rabbana ya ce yau daji ya hana. Ranar da ya samo, har maƙwabta sai sun san an yi miya a gidan.

Bari mu fara da sunan kansa, domin suna linzami ne. Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa sunan wani ɗan itace ne mai ƙwaya kewayayya, wanda Larabawa suka kwatanta ƙwayar harbi da shi. Albarushi ma Larabci ne. Harsashi kuma daga kalmar da Larabawa ke kiran dalma da ita ya fito, saboda da dalma ake zuba shi. Kin ga ke nan tun daga sunayen za ki gane cewa ta hanyar Sahara muka fara jin labarinta, a bakin fataken da ke zuwa daga Tarabulus da Masar.

A Barno aka fara ganin amfaninta sosai a wannan yanki namu. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samo Turkawa masu harbi da bindiga, ya sa suka koya wa bayinsa, kuma limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen da aka yi da su. A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Sannan ya ce Sarki Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron Sarki. To kin ji asalin mutanen da suka firgita mini yaro. Aikinsu ya haura shekara 250 ana gadonsa.

Ita bindigar ta farko-farko wahalalliya ce. Sai an kunna wata igiya tana ci a hankali kamar turaren tsinke, in za a yi harbi a sa bakinta ga albarushi. In ruwa ya sauko ta mutu, in dare ne abokin gaba ya hango jan wutar, in dabba ce ta jiyo ƙauri ta yi gaba. Ana nan sai wajen shekarar 1610 wani gwanin maƙeri a ƙasar Faransa, mai suna Maran le Burjuwa, mutumin garin Liziyo, ya daidaita wata dabara wadda ta kawar da igiyar nan. Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin duk wadda ta taɓa ganin tsohuwa tana ƙyasta wuta. Kafin zuwan ashana, ai da ƙyastu da ƙanƙara iyayenmu ke hura murhu: a buga ƙarfe a jikin dutsen, tartsatsi ya faɗa kan auduga, a hura. Shi wannan mutum sai ya ɗauki ƙyastun ya dasa shi a jikin bindiga. Kunamar tana riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara a bakinta, in aka ja ta sai ta sari wani ƙarfe da ke gabanta, tartsatsi ya zuba cikin wani ɗan cokali mai ɗauke da albarushi kaɗan, wutar ta bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ta isa ga babban albarushin da aka ɗura a ciki. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Wannan dabara ta yi sama da shekara 200 tana mulkin duniya, da ita aka yi yaƙe-yaƙen Turai har zuwa na Nafoliyon.

Daga nan sai labarin ya yi ɗaci. Turawa suka kakkafa gidajen ciniki a bakin teku, daga cikinsu har da mutanen ƙasar Danmak, waɗanda suka gina ganuwarsu a Osu, cikin Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, wajen 1661, suka zauna har 1850 da suka sayar wa Ingilishi. Da sunansu bindigar ta shahara, har yau a Turancin Nijeriya bindigar Danmak ake ce mata, duk da cewa daga baya mafi yawanta a Barmingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙerawa. Me ake bayarwa a karɓi bindigar? Zinariya, hauren giwa, da kuma mutane. 'Ya'yan wasu, mazan wasu, matan wasu. Wani masanin tarihi ɗan Nijeriya, Joseph Inikori, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogin da ake saukewa a Afirka ta Yamma kowace shekara sun kai wajen dubu 300. A sayi bindiga da bawa, a kamo wani bawan da bindigar, a sake sayen wata. In na tuna wannan sai in ce ashe kukan da autana ya yi tsohon kuka ne, wasu yaran sun riga shi yinsa da shekaru aru-aru.

Kuma ba ma masu kyau ake kawowa ba. Da yawa an yi su ne da ƙarfe mai araha don kasuwar baƙar fata kawai, ba a gwada su ba, sai a hannun mai ita za ta fashe ta tafi da yatsu. Sai a 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Barmingam, inda ake ɗura wa kowane bututu albarushi fiye da kima a harba, wanda ya jure a buga masa hatimi.

Amma fa duk yawan nan nata a bakin teku, ba ta isa ƙasar Hausa da yawa ba. Sarakunan da ke tsakaninmu da teku, irin su na Ashanti, sun san abin da suke riƙe da shi, ba su yarda ta riƙa wucewa arewa yadda aka ga dama ba. Fatakenmu na Gwanja goro suke dawowa da shi, bindiga sai ɗai-ɗai. Shi ya sa yaƙe-yaƙen jihadin 1804 da baka da kibiya da mashi da takobi aka yi mafi yawansu. Akwai ma labarin da ake bayarwa cewa Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa ɗana wa Shehu Usmanu bindiga a Alƙalawa, sai wutar ta dawo ta ƙone shi.

Wani Bature matafiyi mai suna Kilafatin ya ga abin da idonsa a 1826, lokacin da ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa yaƙi a garin Konya. Ya ƙiyasta rundunar da mutum dubu 50 zuwa 60, amma bindigogin da ya ƙirga a hannun mutanen Kano 41 ne, na Zazzau kuma guda 1 tak. Ya ce kowane ɗan bindiga in ya harba sai ya ruga da gudu can inda kibiya ba ta kaiwa, ya tsaya ya sake ɗuri, sannan ya dawo. Da na karanta wurin nan sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe harba-ka-ruga ba sunan banza ba ne. Sai dai abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, Baturen ya ce duk filin nan bai ga wanda ya fi wata tsohuwa Bazamfara amfani da ƙarfin hali ba. Tana kan doki, ta rataya gorunan ruwa, tana ratsa cikin mayaƙa tana shayar da masu ƙishi da waɗanda aka yi wa rauni. Maza suna ta harbi suna rugawa, tsohuwa tana nan da ruwanta. Ko sunanta ba a rubuta ba, baiwar Allah.

To me ya sa wannan tsohuwar bindiga ta daɗe a wurinmu bayan duniya ta bar ta? Tun 1807 wani limamin coci a Sikotilan mai suna Fosayit ya fito da hanyar tayar da albarushi ba tare da ƙanƙara ba, daga baya aka mayar da ita 'yar ƙaramar hular tagulla da kunama ke bugawa. Can kuma aka samu bindigogi masu ɗurawa ta baya, masu cin harsashi da yawa. Sai a 1890 ƙasashen Turai suka taru a birnin Burasal suka sa hannu a wata yarjejeniya, wai don hana cinikin bayi, wadda ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani. Abin da aka bari a sayar mana shi ne bindigar ƙanƙara mai santsin ciki da albarushi na gama-gari. Wato su riƙe sabuwa, mu riƙe tsohuwa. Ba a yi shekara 13 ba aka ga amfanin abin a wurinsu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila suka fasa Kano da igwa da bindiga mai ruwan harsashi, a watan Maris suka ci Sakkwato, a watan Yuli aka yi ta Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, kayan aiki ne ba ɗaya ba.

Bayan an daina yaƙi sai bindigar ta koma daji da fada: ta maharba da ta hawan Sallah. Har cikin ƙarni na 20 akwai wani ƙaramin gari a Ingila mai suna Barandon, inda mutane ke zaune suna fasa duwatsun ƙanƙara da hannu, suna cika ganguna ana turowa Afirka. Ki duba ikon Allah, dutsen da wani ya fasa a ƙauyen Ingila, shi ne zai kashe zomo a dajin Katsina.

A nan ne maƙeranmu suka shigo. Da farko gyara suke yi, in kunama ta karye su ƙera wata, in ƙota ta tsage a sassaƙa sabuwa. Mai gyaran abu kuwa in ya daɗe, watarana shi zai ƙera shi. Ta kakana wani tsohon maƙerin baƙi ne a ƙauyensu ya yi ta, kuma kakan ya sha ba mu labarin yadda aka yi. Ya ce sai da ya yi wata guda yana zarya a maƙera kafin ma tsohon ya amsa, domin ba kowa yake ƙera wa ba, sai ya bincika ya san kai wane ne, ɗan wane ne, kuma ba ka da saurin fushi. Da ya amsa, sai da aka shafe kusan rani guda. Ɗan zuga yana kan zuga-zugi, gawayin ƙirya yana ci, tsoho yana juya ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera. Ya ce abin da ya fi ba tsohon wahala shi ne ɗan ƙarfen nan mai tsalle da ke tura kunama, domin in ya yi taushi ba zai ba da wuta ba, in ya yi tauri ya karye. Sai ya kalli launin ƙarfen a wuta kamar yadda mai tuya ke kallon ƙosai, ya san lokacin da zai tsame. Ba agogo ba ma'auni, ido ne kawai da shekaru. Sannan masassaƙi ya kawo itacen da ya bushe sarai, a auna shi da tsawon hannun mai bindigar, a fafe masa kwari inda bututu zai kwanta, a goge da magagari har sai ƙarfe da itace sun zauna kamar tare aka halicce su. Baduku ya naɗe da fata. Kin ga sana'a uku ke nan a abu ɗaya.

Ranar da aka gama ba a miƙa masa ba. Sai da tsohon ya kai ta bayan gari ya ɗaure a jikin bishiya, ya ɗura mata, ya ɗaura doguwar igiya a kunamar, kowa ya laɓe, sannan aka ja. Da ta yi ƙara ba ta fashe ba, ya sake, ya kuma sakewa, sannan ya ce, "To Malam, ga amanarka." Abin da Turawan Barmingam suka gina wa gida guda, shi tsohon nan yake yi da igiya da bishiya. Daga baya da motoci suka yawaita sai wasu maƙera suka koma amfani da bututun tsofaffin motoci da na famfo, aiki ya yi sauri, kuɗi ya yi sauƙi, yatsun da ake rasawa kuma suka ƙaru. A ƙauyen nan akwai wani maƙwabcinsu da muke ce wa Baba, hannunsa na hagu yatsu biyu ne suka rage. Araha ta ja shi, araha kuwa ba ta ado.

Ba mu kaɗai muka ci miya da irin wannan bindiga ba. A Amurka, a farkon ƙarni na 18, maƙera Jamusawa da suka yi ƙaura suka zauna a yankin Lankasta na Fensilbaniya sun fito da tasu irin, doguwa siririya. Su sukan ɗauki sandar ƙarfe mai faɗi su naɗe ta a jikin wani tsinken ƙarfe, su yi ta duka a wuta har ta haɗe ta zama bututu, su goge bayanta ta yi kusurwa 8. Bambancinta da tamu shi ne, a cikin bututun sukan yanka wasu layuka masu murɗewa kamar igiya, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, don haka yake tafiya sak. Tamu mai santsin ciki ce, ƙananan dalma ake zuba mata su watsu, sai an matso kusa. Akwai wadda suke yi musamman don kurege da zomo, harsashinta bai fi ƙwayar wake ba. Dalilin kuwa tattali ne irin wanda kowace matar gida ta sani. Mutum yana zaune a tsakiyar daji, kasuwa sai an yi tafiyar kwanaki, dalma da albarushi tsada. Laba ɗaya ta dalma in aka zuba wa bindigar soja ba ta wuce harsashi 15, amma in aka zuba wa ta kurege sai ta ba da sama da 100. Ga shi kuma ƙaramin harsashi ba ya ɓata nama, gwanayensu ma kai suke nema don a kai wa uwargida naman cikakke. Har yanzu a garin Wiliyamsbag na jihar Bajiniya akwai maƙerar da ake ƙera irinta da hannu tun daga farko har ƙarshe, mutane na zuwa kallo, kuma tun 1974 jihar Fensilbaniya ta ware wasu kwanaki a shekara waɗanda da bindigar ƙanƙara kaɗai ake farautar barewa. Su sun mayar da abin kakanninsu abin tinƙaho, mu namu yana neman zama abin kunya.

Abin da na fi so ki lura da shi, 'yar uwa, shi ne halin da wannan bindiga take koya wa mai ita. Harbi ɗaya gare ta. In ka kuskure, kafin ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna, ka zuba dalma, ka sake dannawa, zomo ya kai gari na gaba. Don haka maharbi ba ya harbi don ya ji ƙara. Kakana yakan yi rabin yini yana rarrafe saboda zabo ɗaya. In ya ga mai ciki ko mai 'ya'ya ya ƙyale ta, ya ce ita ce miyar baɗi. In damina ta faɗi ya rataye bindiga ya ɗauki fartanya, daji ya huta. Har in ya harbo a ƙafa yakan yi dariya ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wanda ke da harsashi 30 a cikin bindiga ba ya koyon wannan haƙurin, ba ya ma bukatarsa.

Kakata ma tana da nata dokokin, kuma ko shi maigidan bai isa ya taka su ba. Ba a shigo mata da bindiga cikin gida da ɗuri, sai an sauke a waje. Ƙahon albarushi ba ya kwana a ɗakin da ake kunna fitilar aci-balbal, balle ya kusanci murhu. Yaro ko da wasa ya nuna ɗan uwansa da kara ya ce "tau", sai ya sha dundu. Takan ce bindiga ba ta san mai gidanta ba. A shekara 40 da ta yi da maharbi, ko kaza ba a taɓa harbewa a gidan bisa kuskure ba, kuma ni na san rabin wannan ladan nata ne.

Yau fa? Daji ya ja baya, gonaki sun cinye shi, zomo da fakara sun yi wuyar gani. Inda dajin ya rage kuma, wasu ne suka mamaye shi da bindigogin da ba maƙerin ƙauye ya ƙera ba. Tsohuwar adaka sai ta sami kanta a wani aikin da ba don shi aka yi ta ba. A watan Nuwamban 2014 maharba da 'yan sa-kai suna cikin waɗanda suka taimaka wa soja aka ƙwato garin Mubi daga hannun Boko Haram, da yawansu da irin wannan bindigar a kafaɗa. A jihar Adamawan ne kuma aka san Aisha Bakari Gombi, mace 'yar uwarmu da ta tashi tana bin manyan gidansu farauta tun tana yarinya, ta zo ta jagoranci maharba maza suna shiga daji neman waɗanda aka sace. In na ji labarinta sai in tuna tsohuwar nan mai gorunan ruwa.

Amma kada daɗin labari ya ɗauke mu. Bindiga bindiga ce, ko ta toka ce tana kisa, kuma an sha ganin inda aka ɗauke ta don tsaron gari ta ƙare a ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta ware wa bindigogi masu ɗurawa ta baki aji nasu, ta ba 'yan sanda ikon lasisinsu, ƙerawa kuma sai da izinin hukuma. In akwai ta a gidanki, ta gado ce ko ta maigida, ki tabbata tana da takarda, ki tabbata babu ɗuri a cikinta, domin albarushi yakan yi shekaru a cikin bututu yana jiran tartsatsi ɗaya. Ki nisanta ta daga yara, ki nisanta ta daga wuta, ranar da aka yi faɗa a gida kuma ki fi kowa sanin inda take. In ɗanki ya fara sha'awar bin 'yan farauta, ki san su wane ne, ki san wa ke gaba. Tsohon maƙerin can sai da ya binciki asalin mutum kafin ya ƙera masa, ke uwa kin fi shi hakkin bincike.

Da muka koma gida ranar Sallar nan, bayan yaro ya huce ya ci tuwonsa, na zaunar da shi na ba shi labarin kakana da zabin daji, da tsohon maƙeri da igiyarsa, da Sarki Babba Zaki. Na ce masa waɗanda ya gani ɗazu albarushi kawai suke ɗurawa babu harsashi, sama suke harbawa don a san Sarki ya fito lafiya. Ya yi shiru can ya ce, "To Umma me ya sa sunansu ɗaya da mugayen?" Na ce masa ai su ne masu sunan tun asali, waɗancan ƙwace suka yi, kamar yadda suke ƙwace shanun mutane.

Ita kuwa bindigar kakana tana nan a zauren, wajen kawuna. Tsatsa ta cinye kunamar, zanzaro ya yi ɗaki a bakinta. In na je ƙauye nakan ɗaga kai in dube ta, in ji kamar yanzu zai shigo yana karkaɗe ƙura ya ce amaryata zo ki karɓa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya nuna mana ranar da za a ce ga 'yan bindiga nan tafe, yaranmu su ruga gaba don kallo.